Shin bin kalandar wata yana da amfani ga lambu a lokacin zafi?

Mai Son Furanni:
Assalamu alaikum. Na ga wata kalanda da ke cewa a shuka tumatir da latas lokacin da wata ke ƙaruwa, a bar karas da albasa sai ya fara raguwa, har ma ta ware ranakun da ba a taɓa shuke-shuken cikin ɗaki. Ina neman shawarar masana, domin zafi ya yi tsanani, kuma ban sani ba ko in jinkirta dashe har ranar da ta faɗa.

Tsohon Manomi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsari biyu ne ake yawan haɗawa. Na farko yana bin cikar wata da raguwarsa, wato zagayen kwana 29 da rabi. Na biyu yana bin buruj, wato rukunonin taurarin da wata ke ratsawa, ya raba ranaku zuwa na saiwa, na ganye, na fure da na 'ya'ya, kuma wata Bajamushiya, Maria Thun, ce ta yaɗa shi, bisa koyarwar da masanin falsafa Rudolf Steiner ya gabatar a 1924. Ni dai ina ganin amfaninsa ɗaya ne, yana sa mutum ya riƙa leƙa lambunsa a kai a kai.

Malamin Kimiyya:
Da izinin Baba, zan ƙara bayani. Masu wannan ra'ayi suna cewa tunda wata yana jan ruwan teku, to zai ja ruwan ƙasa da na jikin tsiro, amma wannan jan ba ya bayyana sai a ruwa mai faɗin gaske, kuma a cikin tukunyar fure bai kai abin aunawa ba. Hasken wata ma haka ne, domin a daren sha huɗu bai kai lux (ma'aunin ƙarfin haske) ɗaya ba, alhali hasken rana tsaka yana kaiwa 100,000. A 2020 masu bincike a Jami'ar Valencia ta Sifaniya sun bi littattafan kimiyya a kan batun, ba su sami hujjar da ta tabbatar da shi ba.

Abin da ya fi damun shuka yanzu shi ne zafin kansa. Irin latas yakan ƙi tsirowa idan ƙasa ta haura digiri 30, furen tumatir kuma yakan zube idan rana ta yi tsanani kwanaki a jere. Saboda haka, Hajiya, ki yi dashe da yamma ko ranar da hadari ya rufe, ki yi ban-ruwa da sassafe, ki rufe gindin itatuwan 'ya'ya da busasshiyar ciyawa.

Uwar Lambu:
Game da na cikin ɗaki, 'yar'uwa, ki nitsa yatsa a ƙasar tukunya. Idan saman ya bushe ki ba ta ruwa ko da kalanda ta hana, kuma ki janye ta daga tagar da rana ke dukanta da azahar.

Mai Son Furanni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan dasa tumatirin gobe da yamma, latas kuma sai zafi ya sauka.