Marfin ƙarƙashin motata mai lantarki ya yage a cikin ruwa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. A ruwan da aka tafka daren jiya na ratsa wani kududdufi a unguwar Mabera da ke Sakkwato, sai na ji ƙara a ƙarƙashin mota. Da na duƙa, na tarar marfin robar da ke rufe cikinta ya yage yana jan ƙasa. Shin batirin yana cikin haɗari?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Batirin yana cikin akwatinsa a rufe ruf, ba wannan robar ce ke hana ruwa shigarsa ba. Idan aka shiga ruwa da gudu, ruwan ne ke cusa kansa ta bakin marfin, ya fizge shi daga ƙusoshinsa, musamman idan dama sun yi sako-sako. Amma marfin yana kare bututun ruwan sanyaya batiri da wayoyin lantarki masu launin ruwan lemo daga tsakuwa, saboda haka kada a bar shi haka, kuma kada kowa ya taɓa waɗannan wayoyi.

Amsa ta biyu:
Malam ya yi gaskiya. A ɗaga motar a duba ko akwatin batirin ya lotsa. Ga shi Agusta bai ƙare ba.