Neman kalma: me za mu kira "admixture" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai kalmar da nake so mu taru mu raɗa mata suna, wasunku ma sun riga sun kawo shawarwari, zan zo kansu. Turawa na ce mata admixture. Duk wanda ya taɓa duba sakamakon gwajin ƙwayoyin halitta irin na neman asali ya ci karo da ita, domin ita ce ke nuna cewa kaso kaza na abin da ka gada ya yi kama da na mutanen wuri kaza, kaso kaza kuma na wasu. Ba gwajin AA, AS da SS da ake yi kafin aure nake nufi ba, ba kuma na tabbatar da uban yaro ba.

Da Indiya da maƙwabtanta zan kafa misali, wato Pakistan, Bangaladash, Nefal da Siri Lanka. A can ne kalmar ta fi shan aiki, kuma idan fassararmu ta ɗauki nauyin labarinsu, to za ta ɗauki na kowa.

Ga yadda abin yake. Kamfani irin 23andMe zai aiko maka da 'yar kwalba, ka tofa yawu har ya kai wani layi, ka rufe ka mayar musu. Na'urarsu ba ta karanta dukkan harufan halittarka, waɗanda sun kai wajen biliyan 3. Gurabe kusan 600,000 take dubawa, inda aka san 'yan Adam na bambanta. Daga nan sai ka sauke fayil a kwamfuta, layi bayan layi, kowane layi da lambar gurbi, a ƙarshensa harufa biyu, AG ko CC ko TT. Ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

A shekarun farko kamfanin gida uku kawai yake kasa mutane: Turai, gabashin Asiya da Afirka. Sai ɗan Punjab, yankin da Indiya da Pakistan suka raba, ya buɗe sakamakonsa ya ga an jingina mafi yawan jikinsa da Turai, ragowar da gabashin Asiya, babu ko ambaton ƙasarsa. Shi ya sa a 2011 wani ɗan asalin Pakistan mazaunin Amurka ya fara aikin da ya sa wa sunan Harappa, tsohon birnin nan na kwarin kogin Indus. Ya nemi mutanen yankin su aiko masa da fayil ɗinsu, ya haɗa da bayanan da masana suka riga suka wallafa, ya zuba a wata manhaja mai suna ADMIXTURE. Ma'aunin da ya fito daga wannan aiki, HarappaWorld, kashi 16 yake raba mutum.

To a nan ake zamewa. Ɗaya daga cikin kason nan an sa masa suna Baloch, don ya fi yawa a jikin mutanen Balochistan. Mutumin Tamil Nadu, can ƙuryar kudancin Indiya, zai ga yana da rabo mai kauri a ciki, ya ɗauka wani kakansa ne ya taso daga Balochistan. Ba haka ba ne. Sunan laƙabi ne kawai da aka liƙa wa wani tsohon tushe da su duka suka sha daga gare shi. Ke nan kalmar da muke nema dole ta nuna haɗuwa mai ma'auni, mai daɗewa, kada ta zama sunan ƙabila.

Daɗewar kuwa ba ta wasa ba ce. A 2009 David Reich na jami'ar Harvard da abokan aikinsa na Hyderabad suka duba mutum 132 daga al'ummomi 25, suka nuna cewa kusan duk mutanen Indiya haɗin manyan tushe biyu ne, na arewa da na kudu, kuma rabon na arewa yana kamawa daga kashi 39 zuwa 71 cikin ɗari. Binciken 2013 ya ce haɗuwar ta auku tsakanin shekara 4,200 zuwa 1,900 da suka wuce. A 2019 aka karanta ƙasusuwan mutanen dā 523, sai ga shi su kansu tushen biyu haɗe-haɗe ne: akwai mafarautan ƙasar na fari, masu dangantaka mai nisa da mutanen tsibiran Andaman, akwai masu alaƙa da mutanen tsaunukan Iran, sannan makiyayan filayen Rasha da Kazakistan da suka gangaro tsakanin 2000 zuwa 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A shekarar dai aka fitar da sakamakon wata mata da aka tono a Rakhigarhi ta jihar Haryana, 'yar zamanin Harappa. Babu rabon makiyayan nan a jikinta.

Yanzu ga abin da kuka kawo.

Wata baiwar Allah ta ce "ruwa biyu". Hajiya, na gode, kalmar tamu ce kuma kowa ya san ta. Sai dai ruwa biyu ɗan yau ne, wanda za a nuna uwarsa a nuna ubansa. Ko Siddi na Gujarat da Karnataka, jikokin mutanen gabashin Afirka da aka kai Indiya, waɗanda binciken 2011 ya nuna fiye da rabin gadonsu na Afirka ne kuma haɗuwarsu da maƙwabta ba ta fi kimanin shekara 200 ba, sun wuce a ce musu ruwa biyu. Balle abin da ya shekara 4,000.

"Haɗin gambiza" da "barbarar yanyawa" ban ma tsaya a kansu ba. Zagi ne. Ba za mu fassara kalmar ilimi da abin da zai sa mutum ya ji kunyar sakamakonsa ba.

"Cuɗanya" ta mu'amala ce, kasuwa da maƙwabtaka. Indiya kanta ta nuna bambancin. Bayan wancan dogon zamani na auratayya, al'ummomin da suke kira jati, wato rukunan da ake gadon matsayi a cikinsu, suka rufe ƙofa, kowa na aure a gida. 'Yan Vysya na Andhra Pradesh sun shafe shekara 2,000 zuwa 3,000 suna cuɗanya da maƙwabtansu kullum, amma kusan babu jinin waje da ya shige su. Har likitoci na kaffa-kaffa da wani maganin sassauta tsoka da ake bayarwa lokacin tiyata idan mara lafiya ɗan cikinsu ne, don wata larura da suka gada ta yawaita a tsakaninsu.

Wani malami ya ce a sa "nasaba" a ciki. Allah gafarta Malam, ina ganin a bar nasaba inda shari'a ta ajiye ta. Da ita ake rabon gado, da ita ake sanin waliyyi da muharrami. Wannan gwajin ƙiyasi ne na lissafi, kamfani biyu kan ba mutum ɗaya alƙaluma daban, kuma kamfani ɗaya kan sauya nasa idan ya sami ƙarin mutanen da zai kwatanta da su. Abin da ke motsi haka bai kamata ya ari sunan abin da ake yanke hukunci da shi ba. Haka ma "jini" nake gudunta, domin da ka ce "gaurayen jini" kunne zai jiyo cewa akwai wani jini tsantsa da aka gurɓata. Kuma ainihin abin da binciken ya rushe ke nan. A Indiya babba da ƙarami a tsarin jati, kowa haɗi ne, yawan rabo ne ya bambanta.

Abin da na tsaya a kai shi ne SURKIN KAKANNI.

Ku dubi mai surka ruwan wanka. Ta zuba na zafi a bokiti, tana ƙara na sanyi kaɗan-kaɗan tana tsoma hannu. Akwai ma'auni a ciki, wani ya fi wani yawa. Babu wanda ya ɓata wani, kuma in sun haɗu ba mai iya tsame ɗaya daga ɗaya, sai dai a taɓa a ce wannan zafinsa ya fi. Duk abin da admixture ke nufi yana nan. Wasu "sirki" suke cewa, duk ɗaya ne. "Kakanni" kuma ta kwashe maza da mata, ta kai tunani can baya, kaka da kakanni, ba ta kuma ɗauke da zafin da "asali" kan ɗauka, tun da "marar asali" zagi ne a wurinmu.

Wani ƙanena ya ce tana kama da "surkulle" a kunne. Ƙane, in ta zo tare da "kakanni" ba mai ruɗewa. Gwada ka ji: "Ya aika yawunsa a auna masa surkin kakanni." "Surkin mutanen Punjab ya fi na Tamil Nadu rabon makiyaya." "Al'ummomin biyu sun surku tun shekara 3,000 da suka wuce." Suna ya fito, aikatau ya fito, harshe bai harɗe ba.

Tun da muna kai, akwai 'yar uwarta, haplogroup, layin da ke bin uba zalla ko uwa zalla. Na uba mu ce "tsatso", na uwa mu ce "cibiya". Maza da yawa a arewacin Indiya da Pakistan tsatsonsu R1a ne, reshen Z93, wanda ake dangantawa da makiyayan can, alhali fiye da rabin mutanen Indiya cibiyarsu M ce, daɗaɗɗiya a ƙasar. Kada dai a haɗa su da surki. In ka koma baya zuriya 10, guraben kakanninka 1,024 ne. Tsatso labarin mutum ɗaya yake ba ka a cikinsu, cibiya ma ɗaya.

Masu fassara a gidajen rediyo da malaman kimiyya na sakandare, ku gwada su a bakin aiki, ku dawo mana da yadda masu sauraro da ɗalibai suka karɓe su.