Haɗa allon sulu mai batir a Legas: wane moto zan saya, kuma batiran laftof za su yi?

Ɗan_Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina so in haɗa allon sulu mai tafiya da batir da hannuna, wannan da yaran Legas ke kira siketbod. Abin da ke ƙasa yanzu: dogon allo mai inci 38 da ƙarafan da ke riƙe tayoyinsa, sai ƙwayoyin batir 18650 (lambar girman ƙwayar ke nan) guda 40 da aka ciro daga tsofaffin batiran laftof, kuma duk mita ta nuna suna da rai. Nauyina kilo 75. So nake ya kai ni kilomita 20 a caji ɗaya, cikin unguwa kawai. Wane moto zan saya, da wace na'urar sarrafa shi? 10S zan yi ko 12S, tunda ana cewa 12S ya fi ƙarfi? Sannan batiran nan za su yi aikin? Masana a taimaka, Allah ya saka da alheri.

Mai_Gyaran_Inbata

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don a nan kuɗi da hatsari suka taru. Batiran laftof ba za su yi ba. Mita ta nuna maka 4V ne alhali babu kaya a kansu. An yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon awanni, yawancinsu ba sa wuce 4A ko 5A ko suna sababbi. Allo kuwa idan ka tashi daga tsaye ko ka hau ɗan tudu, yana iya zuƙar 30A nan take. Abin da zai faru, wutar za ta zube ƙasa, na'urar ta yanke, kai kuma ka wuce gaba allo ya tsaya a baya. Ƙari a kan haka shekarunsu ba ɗaya ba ne, mai raunin ciki shi zai riƙa zafi yana jan sauran. Ka ajiye su ka yi fitilar caji da su.

Nemi ƙwayoyin da aka yi don jan wuta mai yawa. Samsung 30Q yana da 3000mAh, yana jure 15A. Molicel P42A ya fi shi girma, 21700 ne, 4200mAh, kuma ya fi shi jure ja nesa ba kusa ba. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 6000mAh ko 9900mAh, ƙarya ce tsagwaronta, na gaskiya iyakarsu wajen 3500mAh. Tafi da ƙaramin sikeli: 30Q na asali yana tsakanin giram 45 da 48, jabu sau da yawa ba ya kai haka.

Lissafin nisa kuwa ga shi. 10S3P na nufin rukuni 10 a jere, kowane rukuni ƙwaya 3, jimla 30. Da 30Q zai ba ka 36V sau 9Ah, wato 324Wh. Allo mai tayar roba yana cin 12 zuwa 15Wh a kilomita, kuma ba a tatse batir har ƙasa, don haka kilomita 20 ɗin za ta zo da ƙyar. Yi 10S4P, ƙwaya 40, 432Wh, sai ka samu rara.

Wajen haɗawa, kada ka ɗora ƙarfen dalma a jikin ƙwaya, zafin yana lalata cikinta. Da injin waldar ɗigo ake yi, a kan ɓallin nikel zalla mai kaurin 0.2mm da faɗin 10mm. Ana sayar da ƙarfe da aka shafa wa nikel a ce zalla ne. Gwajinsa ba wuya: kankare gutsure da wuƙa, jefa shi cikin ruwan gishiri, ka duba bayan kwana ɗaya ko biyu. In ya yi tsatsa, mayar masa da kayansa. Tsakanin rukuni da rukuni layi ɗaya na nikel bai isa ba, ninka shi, kuma inda allo ke lanƙwasa ka tsallaka da waya mai laushi, in ba haka ba girgiza za ta tsinka waldar. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne zoben takardar kariya a kan kowace ƙwaya. Duba kan 18650 da kyau: ɗan maɓallin tsakiya ne kaɗai fositif, bakin da ya zagaye shi da dukan jikin gwangwanin negatif ne, ledar da ta raba su siririya ce ƙwarai. Nikel ya goge ledar nan, wuta ta haɗu, sai gobara.

In ba ka taɓa haɗa batir ba, kai wa masu haɗa batirin litiyam na sola, ka tsaya a kansu su bi wannan tsari. Odarsa daga waje ma wahala ce, don jiragen sama ba sa barin fasinja ya shiga da batirin da ya haura 160Wh, kamfanonin aike kuma suna da nasu sharuɗɗan.

Injiniyan_Idi-Araba

Malam ya gama magana a kan batir. Saura 10S ko 12S, kuma amsar tana wajen na'urar sarrafa moto. Wadda kowa ke amfani da ita VESC ce, Benjamin Vedder ɗan ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro ta ya saki zanenta kyauta, shi ya sa kamfanoni da dama irin su Flipsky ke ƙera nasu. Masu arha an gina su a kan tsarin 4.12, kuma wannan tsarin ba ya son juyin lantarki, ERPM, ya wuce 60,000. Motocin allo suna da maganaɗisu 14, wato tagwaye 7. Sai ka ninka KV na moto, wato juyin da yake yi a minti a kan kowane 1V, da cikakken cajin batir da 7. Moto mai 190KV a kan 10S: 190 × 42 × 7, ya ba da 55,860, kana cikin iyaka. A kan 12S kuwa 190 × 50.4 × 7, ya kai 67,032, a nan ne ɗan guntun DRV8302 da ke cikin VESC ke ƙonewa, na'urar ta mutu. To tsaya a 10S. In aljihu ya yarda ka sayi wadda aka gina a kan tsari na 6, ta fi haƙuri da kuskuren sabon hannu.

Moto: 6374 mai 190KV, mai wayar sensa. Lambar nan girmansa ce, faɗi 63mm tsawo 74mm. Guda ɗaya ya ishi mai kilo 75, tunda Legas ba garin duwatsu ba ne. Sensa ita ke sa ya tashi sumul daga tsaye, in babu ita sai ya yi ta kakkarwa sai ka tura da ƙafa.

Bel ɗin da zai haɗa moto da taya, HTD 5M mai faɗin 15mm. Na 9mm yana tsallake haƙori idan ka taka birki da moto ɗaya. Fulin moto haƙora 15, na taya 36, taya 90mm. Gudu: 190 × 36V ya ba da juyi 6,840 a minti, raba da 2.4 (haƙora 36 ÷ 15) ya zama 2,850 a taya, kusan kilomita 48 a awa a takarda, wajen 40 idan mutum na kai. Wannan gudun ya yi wa ɗan koyo yawa ƙwarai, ka rage shi a manhaja zuwa 20 tukuna.

Duba ƙarfen tayoyinka na baya. In zagayayye ne, maƙalin moto zai riƙa juyawa a kansa komai ɗaurin da ka yi masa. Shi ya sa ake son Caliber II, jikinsa yana da kusurwa, maƙali ya zauna daram. Kowane noti a shafa masa gam ɗin noti Loctite 243, shuɗin, a bar shi ya kwana kafin a hau. Ƙaramin notin da ke riƙe fuli a sandar moto shi ne farkon mai kwancewa. Ɗaurin bel kuma: danna tsakiyarsa da yatsa, ya nutsa kamar 5mm. Ya fi haka tauri, boris ɗin moto zai ci wuya ya yi zafi. Ya yi sako-sako, za ka ji ƙar-ƙar-ƙar duk lokacin birki.

Saiti a manhajar VESC Tool, ka cire bel kafin ka sa ta auna moto. Wutar moto 60A, birkin moto -45A, wutar batir 35A, wutar da ke komawa batir lokacin birki -16A, don 30Q ba ya son a cusa masa fiye da 4A, kai kuma huɗu gare ka a rukuni. Ta fara rage ƙarfi a 34V, ta yanke a 31V. Waya mai kaurin 12AWG mai rigar silikon. Makunni kuwa, yi shi da fulogin XT90-S, wanda ke hana tartsatsi. In ka haɗa batir kai tsaye za ka ji ƙara tas, kuma kowane tas yana cin bakin fulogin.

Baban_Mile12

Injiniya, a gafarce ni, lissafinka daidai ne amma tayar 90mm ta titin Turai ce. A nan intalok ne da yashi da murfin kwata da tudun rage gudu kowane taku ashirin. Ƙaramar taya in ta ci karo da tsakuwa mai girman goro tsayawa take yi cak. Ni shawarata 105mm ko 120mm mai taushi, a ƙara fulin taya zuwa haƙora 40 ko 44 don kada ƙarfin ja ya ragu. Da 105mm da 15/40 gudun yana nan wajen 50 a takarda, kusan abu ɗaya. Sai dai babbar taya tana iya taɓa ƙasan allo idan ka karya kwana, ta kafe, ta jefar da kai. A sa robar ɗagawa mai rabin inci tsakanin allo da ƙarfe, sannan ka taka gefen allo da duk nauyinka a tsaye ka ga ko akwai sauran tazarar yatsa. Tayar iska mai inci 6 ta fi kowacce daɗi a hanyoyinmu, amma cin batirinta ya kusa ninki biyu kuma tana son moto biyu. Bar ta sai allo na gaba.

Babban abokin gaba a garin nan ruwa ne. Daga Afrilu zuwa Oktoba ba a rasa kududdufi, Yuni da Yuli kuwa ba a magana, ga iskar teku mai gishiri da ke sa tsatsa ko a rani. Akwatin batir ya zama na roba mai tauri ko faiba, da zoben roba tsakaninsa da allo. Ruwa ba ta ƙasa ya fi shiga ba, ta ramukan notin da suka huda allo daga sama yake bi, yana gangarawa kai tsaye kan batir. Kowane rami a sa masa wosha ta roba. Inda waya ta fito a toshe da silikon, amma shinshina tukuna: mai warin tsami yana cin tagulla, nemi marar wari. Ko da duk wannan, allon ba jirgin ruwa ba ne. In ya jiƙe, zare XT90 nan take, buɗe akwati, bar shi ya bushe kwana biyu kafin ka kusanci caja. Boris ɗin tayoyi 608 ne, suna da arha, ajiye saiti ɗaya da bel guda a jaka.

Waya, fulogi, ledar ƙanƙancewa da mita duk akwai su a Alaba. Masu waldar ɗigo ana samunsu a Computer Village cikin masu gyaran batir. Moto, VESC, fuli da rimot kuwa oda ake yi daga Sin, kuma gara ka haɗa su a oda ɗaya, ka tabbatar ramin fulin ya dace da sandar moto, don akwai mai 8mm akwai mai 10mm.

Koyon hawa a yi shi a fili mai santsi da babu mota, irin harabar filin wasa na ƙasa da ke Surulere. Hular kwano da safar hannu da ta gwiwa dole ne. Titin Ikorodu da Agege Motor Road ba wurinka ba ne, direban danfo ba ya ganin mai babur balle kai. In allo ya fara rawa a gudu, ƙara ɗaure ƙarfen baya ya fi na gaba tauri, ka mayar da nauyinka kan ƙafar gaba.

Ɗan_Agege

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na fasa batiran laftof. Saura abu ɗaya: an ce kada wutar da ke zuwa moto ta bi ta BMS, na'urar nan mai kula da ƙwayoyin batir. To ba shi ne mai kare batirin ba? In an kauce masa me zai kare shi?

Mai_Gyaran_Inbata

Tambaya mai kyau. A inbata, BMS ya yanke wuta alheri ne, fanka ce kawai za ta tsaya. A allo kuwa birkinka na lantarki ne: moto ke komawa janareta yana tura wuta cikin batir. BMS ya yanke, babu birki ke nan. Ka ɗauka ka cika caji 42V ka fito, ka hau gangara ka ja birki. Wutar da ke komawa ta ɗaga ƙwayoyin sama da 4.2V, BMS ya ga haka ya rufe ƙofa, kai kuma kana tsakiyar gangara. Shi ya sa ake haɗa shi ta ɓangaren caji kaɗai, ya daidaita rukunai goma, manyan wayoyi kuma su tafi VESC kai tsaye ta XT90-S. Kariyar kada batir ya ƙare ƙaf, saitin 34V da 31V da Injiniya ya ba ka ne ke yin ta. Ko da haka, in caji ya cika fal, fara da ɗan yawo a shimfiɗaɗɗen wuri kafin gangara, don ita ma VESC tana yankewa idan wuta ta haura iyakarta.

Sa fis na 5A a wayar soket ɗin caji, don wurin ne tsabar kuɗi ko makulli ke iya haɗa wuta. Caja 42V 2A, za ta cika 12Ah cikin kamar awa shida zuwa bakwai. Kada ka jona da zarar ka sauka, bari batir ya huce rabin awa. A kan siminti ake caji, nesa da katifa da galan ɗin man janareta, kuma ido na kai. Kada ka bar shi a jone ka kwanta don jiran NEPA ta kawo wuta cikin dare. Wayoyin daidaitawa guda 11 ne, ka auna su ɗaya bayan ɗaya kafin ka cusa fulogin a BMS: kowace ta fi ta bayanta da kusan 3.6V. Ka ga tsalle ya ninka ko ya koma baya, akwai wayar da ta sauya wuri.

Injiniyan_Idi-Araba

Baba ya yi gaskiya a kan taya, na karɓa, a tafi da 105mm da haƙora 40. Kafin ka taka allon, kifa shi tayoyi sama. Ja rimot taya ta ɗauki gudu, sai ka kashe rimot ɗin tana cikin juyawa. Dole moto ya saki cikin kusan daƙiƙa ɗaya. In ya ci gaba da gudu, ko ya kafe da birki mai ƙarfi, koma saitin rimot ka gyara, kada ka hau. In taya baya take juyawa, akwai wurin sauya alkibla a VESC Tool, ba sai ka taɓa wayoyin moto uku ba. Bayan hawan farko na minti goma, sauka ka ɗora hannu a moto da akwati, ka bi notuna da alanki ɗaya bayan ɗaya, musamman na fuli.