Motocin kwamfuta a wasan rFactor suna ta kwasar ƙasa a kwanar hanya guda

Ɗan Birni:
Salamu alaikum ƴan uwa. Na sauke wata hanyar tsere a rFactor, wasan tseren motoci na kwamfuta, amma motocin da kwamfuta ke tuƙawa in sun zo kwana ta ukku sai su wuce zar su faɗa rairayi, kowane zagaye haka, tseren ma ba daɗi wallahi. Mi zan gyara?

Na Zango:
Wa alaikumus salam. Shiga dosiyen hanyar ka nemi fishiye mai ƙarshen AIW, Notepad na buɗe shi. Nan aka jera ɗigo ɗigon layin da motocin ke bi, akwai kuma WorstAdjust, MidAdjust da BestAdjust, su ke riƙe da saurinsu. Rage MidAdjust kaɗan, daga 1.0 zuwa 0.97 misali. Amma ka aje kwafi a kle tukuna, kada kuran ya ɗauke kana tsakiyar aiki.

Malam Makanike:
A'a ƙanena, wannan duk hanyar zai rage ma gudu alhali kwana guda ce matsalar. Layin ne bai da kyau, sai an sake zana shi da editan AIW, mutum ya tuƙa da kanshi a hankali ya taka birki da wuri. Assetto Corsa, wani wasan tseren motocin, ya fi sauƙi, fishiyen ai_hints.ini na bari ka rage gudu a yanki guda kawai.

Ɗan Birni:
Na gode yaya, editan zan nema daren nan.