Eyabag a motar da za a yanka: yaya kuke yi da shi?

Mai gwangwan, Owode Onirin: Salamu alaikum 'yan'uwa. Yaran da ke zuwa mana daga gida nan da nan suke iya raba tagulla da alminiyam, amma ba mai gaya musu akwai abin fashewa a cikin sitiyari da dashbod, wato eyabag, jakar iskar da ke kumbura ta kare mutum lokacin haɗari. Kwanan baya yaron maƙwabcina ya sa wutar gas zai yanka ƙarfen bayan dashbod. Ƙarar da muka ji sai ka ce bindigar toka. Allah Ya tsare masa ido, amma gashin gira ya ƙone, kunne ɗaya har yau yana masa ƙugi. Motar nan ta daɗe a yashe, ko batir babu. To me ya tayar da shi?

Mai gyaran wayar mota, Ladipo: Wa alaikumus salam. Zafi ne. Sinadarin da ke cikin gwangwanin da ke hura eyabag ba ya jiran batir in ya ji wuta, kuma tsufan mota ba ya kashe shi. Mu ga yadda muke yi: a fara zare kan batir, a ba shi minti 10, don na'urar da ke sarrafa eyabag ɗin tana riƙe sauran wuta. Duk soket ko waya mai ruwan ɗorawa tasa ce, ba a sa mata mita ko fitilar gwaji, wannan 'yar wutar kaɗai tana iya tayar da shi. In ka ciro, kada fuskarsa ta kalli ƙirjinka. Wajen ajiyewa fuska sama. In aka kifa shi ya tashi, ƙarfen ne zai yi sama, ya sauka a kan wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Mai yankan mota, Agege: Kowa sitiyari yake tsoro, ni bel ɗin kujera ne ya taɓa ba ni mamaki. A gindinsa akwai wani ɗan bututu mai nasa maganin, shi ke fizgo bel lokacin haɗari. Wani abokin aikina ya buga masa guduma. Yatsa biyu aka ɗinke. Sannan ga eyabag na gefen kujera da na rufi, wasu da iskar gas a matse a ciki. Kafin giranda ta taɓa ginshiƙin ƙofa, a ɓare roba a duba. Inda aka rubuta SRS, alamar eyabag ke nan, a tsaya.

Alhaji, Mile 12: Ni dai sayarwa nake yi. Motocin haɗari da ake shigowa da su daga Amurka duk eyabag suke nema, kuɗi ne mai kyau.

Mai gyaran wayar mota, Ladipo: Alhaji, da girman kujerarka, ka riƙa duba wane iri ne. Na Takata, kamfanin Japan mai ƙera eyabag, an janye miliyoyinsu a duniya, kamfanin ya karye a 2017. Sinadarin amoniyam naitiret da suka zuba yana lalacewa a wuri mai zafi da laima, in ya tashi sai gwangwanin ya tarwatse ya watsa ƙarfe a fuskar direba. Zafi da laima kuwa, ina ya kai Legas? Tsofaffin Honda da Toyota na wajen 2001 zuwa 2010 da yawa suna ciki.

Mai yankan mota, Agege: Wanda ba na sayarwa ba tayar da shi muke yi kafin ya hau sikeli. Fili, fuska sama, a jera tsofaffin tayoyi a kai, a ja waya ta kai mita 10, a kori jama'a, sannan a taɓa batir. Ba a taɓa eyabag ɗin sai ya huce. Farar ƙurar tana cin ido da maƙogwaro, a sa safar hannu, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Mai gwangwan, Owode Onirin: Madalla. Akwai wasu a buhu ƙarƙashin teburina, kusa da inda yara ke dafa shayi. Gobe da safe zan fitar da su. Malam na Agege, wanda soket ɗinsa ya karye fa, ta ina kake haɗa masa waya?