Neman kalma: "kumburin ƙwaƙwalwa" ya yi, ko a sake lale?

Mai Shirin Lafiya: Assalamu alaikum. Jama'a a taimaka min. 21 ga Satumba ce ranar cutar Alzaima, wato cutar mantuwa, ta duniya, an ba ni minti goma sha biyar a rediyo, jibi za mu naɗa. Kalma guda ta tsaya min, wadda likitoci ke kira niyuro-inflameshan. Na rubuta "kumburin ƙwaƙwalwa" amma hankalina bai kwanta ba. Kakata ta yi shekara shida da cutar Alzaima har ta daina gane mahaifiyata, mutanen unguwa suna ta cewa iska ce. Ba na son in ƙara ruɗa mutane.

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Kumburi ai kowa ya sani, ki bar shi haka.

Likita: Hajiya, gara da kika tambaya. Ƙwaƙwalwar mai Alzaima ba kumbura take yi ba, motsewa take, tana raguwa. Kuma da kin ce kumburin ƙwaƙwalwa, sanƙarau mai sauraro zai tuna, wanda ke kayar da yaro cikin kwana biyu lokacin zafi. Wannan kuwa shekaru yake yi a ɓoye, ba zazzaɓi. Akwai wasu ƙwayoyi a ƙwaƙwalwa, maikurogiliya, wani masani ɗan Sifaniya, Río Hortega, ya bayyana su a 1919. Aikinsu shara da gadi. Idan dattin furotin da ake kira amiloyid ya taru ya ƙi ƙarewa, sai su kasa kwance ɗamara, su yi ta zubo sinadaran yaƙi har su shiga cin mahaɗar jijiyoyi masu lafiya. A 2013 aka gano wani canji a ƙwayar gado mai suna TREM2, wadda waɗannan masu gadi ke aiki da ita, yana ninka haɗarin Alzaima wajen sau uku. Ke nan da hannunsu a cikin ɓarnar. Kalmar da za ta ɗauki wannan muke nema.

Tsohon Malamin Asibiti: 'Yata, a ɗakin shan magani tsofaffi cewa suke "miki ya ruru". Wuta ma ruruwa take. Ki ce ruruwar ƙwaƙwalwa.

Ɗan Mai Wurno: Mu nan Sudan iltihabi muke cewa, kowa na ganewa. Asalinta daga harshen wuta ne, ita ma ta Turawan daga Latin kunna wuta take nufi. Maganar Baba ta hau.

Malamin Hausa: Ruruwa ta yi, amma ta yi tsawo. Na jima da ƙirƙirar kalma guda: ƙwalruru, daga ƙwalwa da ruru. Ɗalibaina sun karɓe ta. Iltihabi kuwa a'a. Yaushe za mu daina bara a ƙofar wasu harsuna?

Ɗan Mai Wurno: Malam, littafi da alƙalami da lokaci daga ina suka zo? Da Larabci a bakinka kake korar Larabci.

Malamin Hausa: Waɗannan sun shekara ɗaruruwa, sun zama 'yan gida. Ba hujja ba ce ta buɗe ƙofa ga kowane baƙo. Ƙwalruru kuma tana karɓar nahawu, a ce mai ƙwalruru, a ce ƙwalrurun tsufa.

Ɗan Damagaram: Ga matsalar nan kullum. Ku zauna a Kano ku yanke, mu a Nijar sai dai mu ji a rediyo. Wa ya tambayi Maraɗi ko Tawa? In na ce wa iyata ƙwalruru, sunan tsuntsu za ta ɗauka.

Malamin Hausa: Ni ba Bakano ba ne, ɗana. Kuma daidaitacciyar Hausa ba mulkin mallaka ba ce.

Uwar Biyu: Ku dai baiwar Allah jibi za ta naɗi shiri.

Likita: Malam, ranka ya daɗe, a takardar jami'a ba zan ƙi ƙwalruru ba. A rediyo kalma sau ɗaya take wucewa. Kuma akwai abin da ya fi damuna. In aka ce kumburi, gobe wani zai je kemis ya sayo wa mahaifinsa maganin kumburi. An gwada irin waɗannan magunguna a Amurka, har da nafroksin, ba su hana cutar ba, ga illa ga ciki da ƙodar tsoho. Sannan Malam, cire "tsufa" daga kalmarka. Matar da Alois Alzaima, likitan da aka sa wa cutar sunansa, ya fara nazari a kanta a Farankfot ta Jamus shekararta 51 lokacin da aka kwantar da ita a 1901. Shi ya sa ko "gigin tsufa" ba na so, yana sa a zauna a gida a ce ai shekaru ne. Kuma wannan ruruwa ana ganinta a cutar Fakinsin mai sa karkarwar jiki ma, ba ta mantuwa kaɗai ba.

Tsohon Malamin Asibiti: Gigin tsufa ba za ka raba shi da bakin mutane ba, Likita. A fara da shi, sannan a gyara musu.

Mai Shirin Lafiya: Na gode ƙwarai. Ga yadda na tsara: "Abin da muke kira gigin tsufa, sau da yawa cutar mantuwa ce. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke hura ta ita ce ruruwar ƙwaƙwalwa, wato masu gadin ƙwaƙwalwa su yi ta yaƙi ba tsayawa har su cutar da gidan da suke tsaro." Zan ƙara da cewa kada kowa ya sayi magani ba tare da ganin likita ba. Ya yi?

Likita: Ya yi. Amma ki ce "masana na ganin tana cikin masu hura ta", don har yanzu ana muhawara kan wanne ke fara tayar da wani, dattin ko yaƙin.

Ɗan Damagaram: Ruruwa iyata za ta gane. Sai dai a gaba a riƙa tuntuɓarmu tun farko.

Malamin Hausa: To, ku tafi da ruruwar. Ni a ajina ƙwalruru zan ci gaba da koyarwa. Ki dai ja wasalin farko da kyau in kina faɗa, 'yata. Allah ya jiƙan kakarki.

Mai Shirin Lafiya: Amin Malam, na gode. Maikurogiliya fa, in bar ta a "masu gadi", ko akwai mai wata?