Shin JSON Schema kaɗai ya isa a yaba wa takardar bayanin kayan aiki?

Nasiru: Jama'a, ga abin da nake so mu tattauna. A ganina, in kayan aikin da wakilan manhaja (manhajojin AI masu yin aiki a madadin mutum) ke aika wa saƙo ya zo da cikakken JSON Schema, wato tsarin da ke fayyace fasalin saƙon da zai karɓa, takardar bayaninsa ta gama aikinta. An faɗi sunan kowane gurbi, an faɗi lamba zai ɗauka ko rubutu, an faɗi wanda dole a cike. Na'ura za ta tantance saƙon da kanta. Dogon sharhi don mutane ake yi, wakili ba ruwansa da shi.

Maryam: Malam Nasiru, ban yarda ba. Duba MCP, ƙa'idar haɗa wakilai da kayan aiki, da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamba 2024. Kayan aiki a can yana da suna, da bayani a rubuce, da fasalin abin da yake karɓa. Da wannan bayanin ne wakilin ke yanke shawarar wanda zai kira. A ce kayan aiki biyu ne, kowanne lambar fayil kawai yake karɓa, ɗaya yana ajiye fayil ɗin a rumbu, ɗaya yana goge shi har abada. Fasalinsu iri ɗaya ne sak. Ta ina na'urarka za ta gane bambancin?

Nasiru: Ai sunayensu sun bambanta. Kuma JSON Schema yana da wurin ƙayyade mafi ƙaranci da mafi yawa, da jerin amsoshin da aka yarda da su, har da wurin sa ɗan bayani a kan kowane gurbi.

Maryam: Ka ga ni. Wannan ɗan bayanin shi ne sharhin da ka ce ba a buƙata.

Bashir: Ku biyun karatu kuke aunawa, alhali ba nan gizo ke saƙa ba. A 1999 NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter. Takardar da ta tsara yadda manhajojin za su miƙa wa juna bayanai ta ce a yi amfani da ma'aunin mita, amma wata manhaja a ƙasa tana fitar da lambobinta da ma'aunin fam irin na Amurka. Takardar ba ta yi ƙarya ba, lambobin ma ingantattu ne a siffa, sai dai abin da aka rubuta da abin da ake aikawa sun raba hanya. Shi ya sa nake ganin hikimar IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet. A takardarsu mai lamba RFC 2026, ta shekarar 1996, sun shardanta cewa kafin ƙa'ida ta hau mataki na gaba, sai an samu manhajoji biyu da aka gina daban-daban, kuma suka iya aiki tare. Ma'auni ke nan: ka miƙa takardar ga wanda bai taɓa ganin cikin manhajar ba, ka hana shi tambayar maginin, ka ga ko saƙonsa zai wuce. Gani ya kori ji.

Zainab: Malam Bashir ya yi gaskiya, sai dai in ƙara. Ni shafin kurakurai nake fara buɗewa. JSON-RPC 2.0, tsarin aika kira da amsa tsakanin manhajoji, ya ware lambobin kuskure: -32601 in ba a samu aikin da aka kira ba, -32602 in abubuwan da aka aiko ba su dace ba. Madalla. To in saƙo ya tafi, amsa ba ta dawo ba fa? Wakili zai sake aikawa. In aikin na tura kuɗi ne, an tura sau biyu ke nan. Takardar da ba ta faɗi ko maimaita kira yana da haɗari ba, ni a wurina ba ta kammala ba, komai kyan fasalinta.

Nasiru: To bari in juyo da maganar. A Afrilu 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakili ya karanta ya bi, mai amfani bai sani ba. Sharhin da kuke kārewa shi ne ƙofar ɓarawo. Gwamma a rage shi.

Maryam: Wannan hujjata ce ka ɗauko, Malam. Tunda wakili yana aiki da abin da ya karanta har a iya yaudararsa, bayanin ya zama ɓangaren manhajar. Sai a riƙa bin sa layi-layi kamar yadda ake bin rubutun manhajar kanta, a kuma lura duk ranar da ya canza.

Zainab: MCP ɗin ma yana da alamomin da kayan aiki ke cewa karatu kawai yake yi, ko yana gogewa, ko ana iya maimaita shi. Amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su sai daga sabar (manhajar da ke ba da kayan aikin) da aka amince da ita.

Nasiru: Har yanzu ina kan bakana cewa fasali ne ginshiƙi. Amma mu gwada: a ɗauki kayan aiki goma, a ba wakili ɗaya fasali kaɗai, a ba wani fasali da bayani, a ƙirga kiran da ya yi daidai.

Zainab: Da sharaɗi. A sa biyu masu kama da juna a ciki, kuma a katse amsa da gangan a tsakiyar aiki, mu ga wanda zai sake aikawa.